Atika da Tsimin Dabino

Tukwane uku Atika take da su, na ƙarfe, kowace sai maza biyu sun kama kunnuwanta kafin ta hau murhu. Da su take ciyar da leburorin gona a Fashaga, mutum tamanin, wani lokaci har ɗari idan yankan riɗi ya kankama. A unguwarmu ta Gadarif, a ƙasar Sudan, ba mai kiranta da sunan mahaifinta. Atika mai tuwon kambo, shi ke nan. Kambo kuwa shi ne zangon bukkokin da leburori ke kwana a bakin gona.

Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon wuta. Na taɓa ƙirgawa muna zaune, goma sha ɗaya a hannun dama kaɗai. Mijinta Ɗanliti direban lori ne, ya rasu a hanyar Galabat wata damina, ba ta sake aure ba. Haihuwarta biyu, ba wanda ya tsaya. Da ƙanwarta Hawwa ta rasu ta bar yarinya ba a daɗe da yaye ta ba, Atika ta ɗauke ta ta goya. Rabi'atu ke nan. A gindin tukwanen nan uku ta girma, har ta isa aure ta kawo Kassim, direban tarakta da ke aiki a Fau, ta ce shi take so. Atika ta duba yaron sama da ƙasa, ta tambaye shi ko yana salla, ta tambaye shi ko yana da uwa. Ya ce yana yi, uwarsa kuma Hajja Nagoggo ce. Atika ta ce to an gama magana.

Duk wanda ya san unguwarmu ya san Hajja Nagoggo. Kakanninta da ƙafa suka taso daga ƙasar Haɗeja za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Ita ta cika musu niyya har sau biyu. Ita ke wanke gawar mata, ita ke sasanta ma'aurata, kuma duk jaririn da aka haifa a layinmu, kafin ya kama nono sai an aika mata. Ta zo da dabinon Madina a ƙullin tobinta, wato mayafinta, ta tauna ɗan kaɗan, ta shafa masa a dasashi, ta yi addu'a. Mu muna cewa ta buɗe masa baki. Ni ma ita ta buɗe mini, da 'ya'yana huɗu.

Zaman kambo ya koya wa Atika abubuwan da mu na cikin gari ba mu sani ba. Can mutane iri-iri ne, daga kowace kusurwa, kowa yunwa ta koro shi. Akwai matan da ke dama marisa, giyar dawa, su sayar, su ma su sha, har masu ciki. Atika ba ta taɓa zagin su a gabana ba. Cewa take, macen da ta wuni a duƙe tana yankan riɗi, abin da ya cika mata ciki ya kashe mata ciwon baya shi take kira abinci. Amma tana ganin 'ya'yan. Ba duka ba, wasu lafiya lau. Wasu kuwa sai a haife su kamar 'yan tsaki, su ƙi girma, ɗan shekara biyar ka ce ɗan uku ne, a gaya masa abu yanzu ya sake shi yanzu. Wata shekara ta raka wata mai ciki ɗakin magani a Galabat, sistar da ke wurin ta shaƙi bakin matar, ta zaunar da su ta yi musu bayani. Ta ce abin da uwa ta sha ta cibiya yake wucewa, ya isa ga ɗan, shi kuma jikinsa bai yi ƙwarin da zai kore shi ba, ƙwaƙwalwarsa ce ke fara biya. Atika ta tambaye ta kofi nawa ne ba ya cutarwa. Sista ta ce ita ba ta san wannan kofin ba.

Shekarar da nake ba da labari, babbar salla ta faɗo cikin bazara, ƙasa duk ta dare, baƙar ƙasar nan tamu da ke tsagewa har ƙafar akuya ta shige. Atika ba ta yi salla a gida ba, tana Galabat wajen jinyar wani ɗan'uwanta. Ta dawo hadari ya fara haɗuwa a gabas, lorin mai gonar da take wa aiki kuma yana shirin kwasar mutane zuwa Fashaga kafin hanya ta zama taɓo. Rabi'atu na da ciki wata biyar. Na farko ya zube mata, wannan ne na biyu, kowa a gidan tafiya yake a hankali.

Ko kayanta ba ta kwance ba ta nufi gidan Hajja. Hajja ta fita gaisuwar rasuwa. Rabi'atu na kwance a kan angarib, gadon igiya, ƙarƙashin rumfa, rana ta take, tana barci baki buɗe. Atika ta taɓa ƙafarta.

"Inna! Sai yau? Na ce ko kin auri Bahabashe ne."

"Wa zai kwashe ni da tukwanena? Tashi in gan ki."

Ta rungume ta. A nan hancin Atika ya gaya mata abin da ba ta so ji ba. Ta sake ta, ta koma ta rungume ta, ta shaƙa da kyau.

"Me kika ci?"

"Wainar kisra da miyar kuɓewa."

"Me kika sha?"

"Ruwa. Sai tsimin Hajja."

"Wane tsimi?"

"Na dabino. Na ƙarin jini. Ba ki ga na yi kumatu ba?"

"Nawa kike sha?"

"Kofi da hantsi, kofi bayan la'asar. In jiri ya dame ni ta ƙara mini."

"Jirin kafin ki sha yake zuwa, ko bayan kin sha?"

Rabi'atu ta yi dariya. "Kai Inna, kin zama likita. Bayan na sha. Hajja ta ce jini ne ke shiga jijiya. Shi ma na cikin, da na sha sai ya kwanta shiru, ba shuri ba komai. Hajja ta ce mai hankali ne irin ubansa."

Atika ta ce a nuna mata tulun.

A nan sai na yi bayani, don wanda bai zauna Sudan ba. Da babbar salla kowane gida ana yin sharbot. A dafa dabino, a tace, a zuba citta da kirfa da ɗan tsiron dawa, a rufe ya kwana, a sha a kan naman layya don ya sauka. Abin sha ne mai daɗi, malamai ma suna sha. A gidajenmu bakuna sun yi yawa, tulu ba ya kai ko'ina an ga gindinsa, saboda haka da yawanmu ba mu taɓa ganin abin da yake zama ba idan aka bar shi. Hajja Nagoggo kuwa a wajen uwarta ta koyi magani, irin na can gida, saiwa da ɓawon itace a jiƙa a tulu. Ka'idar tsimi ɗaya ce, iya daɗewarsa iya ƙarfinsa. Da ta ga surukarta ta yi fari fat, sai ta ware tulu guda na sharbot, ta ƙara masa dabinon Madina da zuma da habbatussauda, ta tofa addu'a, ta ɗaure bakinsa ta ce a bar shi ya tsimu. In ya yi ƙasa ta dafa sabo ta zuba a kan tsohon. Ita kanta ba ta taɓa kai shi baki ba, ciwon sukari ya raba ta da duk wani abu mai zaƙi, hancinta kuma hayaƙin turare ya daɗe da cinye shi.

Tulun na cikin bukkar ajiya, bayan buhunan dawa. Atika ta kwance tsumman. Kumfa ta taso tana 'yar ƙara, warin ya bugi fuskarta. Ta mayar ta ɗaure, ta ja ƙyauren, ta kai bakinta kunnen Rabi'atu.

"Rabi, wannan giya ce."

"A'uzu billahi! Inna, a gidan Hajja? Dabino ne fa. Abin da ake buɗa baki da shi."

"Giyar araƙi da me ake yi, ba dabino ba?"

"Wancan ai da wuta da bututu ake yi. Wannan magani ne, har da tofi."

"Tofin bai hana shi juyawa ba. Abin da ke sa ki barci shi ke sa na cikin ya yi shiru. Daga yau kin daina."

Idon Rabi'atu ya kawo ruwa. "In ce wa Hajja me? A tsaye take a kaina har in shanye, ta karɓi kofin ta ce Allah ya raba lafiya. In dubi idonta in ce ba na sha? Ni?"

Atika ta san gaskiya ta faɗa. Yarinyar da ko sunan surukarta ba ta iya kamawa, ba ita za ta ture mata hannu ba.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne zamanin. A waɗancan shekarun dokar giya ta yi tsanani. Macen da aka samu da tulu mai wari a ɗaki, kotu ce da bulala, ba a duba furfura, ba a tambayar niyya. Ba sai an yi ƙarar mutum ba, magana kawai ta fita ta yi yawo. Kalma ɗaya Atika za ta furta a inda kunne na uku yake, ta jawo wa tsohuwar da ta wanke gawar Hawwa abin da har ta mutu ba za ta ɗaga kai ba. In kuma ta yi shiru ta hau lori, kofi biyu kullum har wata huɗu. Kassim yana Fau, ba ya dawowa sai an gama huɗa, wannan kuma ba saƙon da za a ba direba ba ne ya kai.

Ta fara gwada hanya mai sauƙi. Washegari ta sa tobinta mai kyau, ta sayi sukari da shayi, ta je ta durƙusa ta roƙi a ba ta Rabi'atu goyon ciki tun yanzu, tunda ita ce a matsayin uwa.

Hajja ta ce, "Goyon ciki a wata biyar? A ina aka taɓa yi? Kuma ki kai ta ina, kambo? Ta haihu a gindin murhu, leburori su yi mata barka?"

"Sai in fasa tafiyar bana, Hajja."

"Ki fasa ki ci me? Tafi ki yi aikinki, 'yar nan. Yarinya tana hannuna, tana shan maganinta, ba ta rasa komai ba."

Atika ta tashi ba ta samu komai ba, lori kuma an ce jibi.

Kashegari da hantsi aka yi zaman jabana, wato shan gahawa, a gidan Hajja, kamar yadda ake yi kowane mako. Mu bakwai ne a kan tabarma biyu. Hajja, Rabi'atu, Atika, ni, matan layi biyu, sai Jummare mai lalle. Jummare ba muguwa ba ce, amma maganar da ta shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ana sayar da ita a kasuwar hatsi. Marigayi mijinta kuma mashayi ne na gaske, duk unguwa ta sani, saboda haka in akwai wadda harshenta zai gane abin nan cikinmu, ita ce. Ni a lokacin ban san komai ba. Na dai lura Atika ba ta taɓa gugguru ba, finjalinta ya huce a gabanta.

An zagaya da gahawa sau biyu, sai Hajja ta miƙe ta shiga bukkar ajiya, ta fito da kofin silba cike.

"Amarya, karɓi. Bismillah."

Rabi'atu ta miƙa hannu biyu tana kallon ƙasa. Atika ta riga ta.

"Tsaya, Hajja, ƙuda ya faɗa."

Hajja ta leƙa kofin. "Ƙudan naki gwanin iyo ne, har ya fita ya shanya fiffike. Ba ta."

Matan suka yi dariya. Atika ba ta saki kofin ba.

"Atika."

"Na'am, Hajja."

"Tun da kika dawo kike zagaye gidan nan kamar kyanwa ta ji kifi. Jiya goyon ciki, yau ƙuda. Ga maƙwabta, su zama shaida. Me ke cikin kofin nan da ba kya so 'yarki ta sha? Guba na zuba mata?"

"Allah ya tsare, Hajja. Mu shiga ɗaki."

"Ba na kai maganar da aka fara a tsakar gida cikin ɗaki. Na rasa jika ɗaya a gidan nan, ina tsaye dare da rana kada in rasa na biyu, ke kuma ki taso daga cikin leburori ki riƙe mini hannu. Faɗi abin da ke ciki. Kira sunansa."

Rabi'atu ta ja tobi ta rufe fuska.

Sai Jummare ta matso da gwiwa. "Ke wai mene ne abin faɗa? Kawo in ɗanɗana in raba gardama. Ni ma jinin nan nema nake."

Ta kai hannu. Yatsunta sun taɓa bakin kofin. Atika ta janye shi ta manna a ƙirji, har ya ɗan zube a tobinta, ta yi maza ta naɗe wurin.

"Maganin masu ciki ne, Jummare. Ko akwai labarin da ba ki ba mu ba? Wa ye angon?"

"Ji 'yar banza! Ni da na aurar da jika?"

Aka sake dariya, ta fi ta farko ƙarfi, don kowa na neman inda zai sauke numfashi. Hajja ce kaɗai ba ta yi ba. Kafin dariyar ta mutu Atika ta juya gare ta, ta sassauta murya.

"Hajja, jarirai nawa kika buɗe wa baki a unguwar nan?"

"Allah ya san adadi. Me ya kawo wannan?"

"Na Rabi ma ke za ki buɗe masa."

"In Allah ya kai mu. Wa zai riga ni?"

"To alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar, kada ki tauna dabino. Ki ɗebo wannan, cokali ɗaya, ki ɗura masa."

"Ke kina da hankali kuwa? Jariri ɗanye? Wannan ai ya fi ƙarfin jariri. Babba ma yana kwantar da shi, balle..."

Ta tsaya.

"Balle me, Hajja?"

Atika ta ci gaba.

"Ke kika ce don na cikin ake sha, don ya yi ƙwari. Ashe yana kai masa ke nan. In yana kai masa, to tun salla yake sha, kofi biyu, bai ko kai jariri ba."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya a hankali haka ba. Hajja ta miƙa hannu, Atika ta ba ta kofin. Ta kai hanci, ta daɗe. Sai ta tsoma ɗan yatsa ta ɗora a harshe, matar da ta shekara goma ko shayi ba ta sha da sukari. Ta rufe ido. Da ta buɗe, kofin ta tura ƙarƙashin angarib, bayan ƙafafunta.

"Gaskiyarki, ya yi ƙarfi," ta ce, da muryarta ta kullum. "Citta ta yi yawa. Jama'a, jabana ta ƙare, kaina ke sarawa. Jummare, ki gaida mutan gida. Safiya, ke tsaya, ina da aike."

Safiya ni ce. Jummare ta fita tana waiwaye, tana cewa ita dai ba a taɓa korarta daga gahawa a zagaye na biyu ba. Hajja ta bi su har ƙofa, ta sa sakata da hannunta.

Cikin bukkar ajiya muka shiga mu uku, Rabi'atu aka ce ta zauna a waje. Hajja ta kwance bakin tulun, ta tsaya a kansa tana kallon kumfar.

"Giya," ta ce, can ƙasa. "Ni Nagoggo. Da hannuna, da bisimilla." Ta dafa buhun dawa ta zauna a kai. "Atika, gaya mini tsakaninki da Allah. Na lalata shi?"

"Ban sani ba, Hajja."

"Ke da kika san komai?"

"Wannan ban sani ba. Sistar da ta gaya mini ta ce ranar da aka daina, daga ranar an taimake shi. Abin da ya riga ya wuce, ba mai iya faɗa miki yanzu. Na ga waɗanda suka fito lafiya, na ga waɗanda ba su fito ba."

Hajja ta goge fuska da gefen tobi. "Da Jummare ta kai shi baki..."

"Shi ya sa ban ba ta ba."

"A fitar da shi. Yanzu."

Na ce a juye a masai, a bi da toka. Hajja ta daka mini tsawa, ta ce dabinon Madina da ayar Allah ba sa shiga masai ko sun zama me. Na ce to a kwararo. Atika ta ce warin zai kai layi uku kafin ya bushe. Muka tsaya cirko-cirko da tulu a tsakaninmu, kowane motsi a bakin ƙofa sai mu waiwaya. Atika ce ta tuna da bayan bukka, inda ƙasa ta dare. Muka kama kunnuwan tulun ni da ita, muka lallaɓa ta jikin danga, muka sami tsaga mai zurfi wadda hannu ke shiga har gwiwa. A hankali muka tsiyaye, ƙasa ta shanye tas. Muka bi da ruwa bokiti biyu, muka tura toka da turɓaya, Hajja ta kawo kasko ta zuba turare har hayaƙi ya rufe gidan. Tulun kuwa ta sa na fasa shi, na kai gutattsarin bola a cikin buhu.

Na ɗauka za ta yi wa Atika godiya. Da muka wanke hannu sai ta tsaya a gabanta.

"Kin rufa mini asiri a gaban Jummare, na sani. Amma kin tsayar da ni a gaban yarinyar da nake riƙo, kin nuna mata ban san abin da nake ba ta ba. Da wane ido za ta karɓi ko ruwa a hannuna? Kada ki ƙara taka gidan nan sai ta sauka."

Atika ta ce, "To, Hajja. A kai ta awo dai, su ba ta ƙwayar ƙarin jini."

"Ba ke za ki koya mini ba."

Amma ta kai ta. Da kanta, a keken jaki, ni na gan su. Daga ranar kuma dabino sai dai a ba Rabi'atu ta tauna, ta kora da madara. Jummare ta yi ta yawo da labarin cewa surukai sun yi faɗa a kan citta, unguwa ta yi dariya ta manta.

Atika ta hau lori da tukwanenta ba ta yi sallama da 'yarta ba. Damina ta sauka, hanya ta rufe. Wata huɗu ba ta ji komai ba, sai abin da wani direban tarakta ya kawo a baki, shi ma bai wuce "suna lafiya" ba. A wannan daminar ce, in ji matan kambo, ta fara bin masu ciki bukka-bukka. Ba ta tambayarsu ko suna shan giya, ta riga ta ga inda wannan tambayar ke ƙarewa. Sai ta zauna ta ce, "Me kike sha in kin gaji? Nuna mini." Wasu su nuna, wasu su zage ta. Wadda ta yarda ta daina, Atika ta riƙa ajiye mata ƙoƙon kunu a gefen murhu, safe da yamma.

Ana tsakiyar yankan riɗi saƙo ya zo. Ta bar tukwane a hannun wata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta hau bayan tarakta. Mace aka haifa, kilo biyu da 'yan kai, ƙarama amma da murya. Hajja ta bar Atika ta shiga, ba ta ce mata komai ba ban da "sannu da hanya". Atika ta karɓi jaririyar ta juya ta, ta duba kai, ta duba leɓe, ta duba tafin hannu, ta sa mata ɗan yatsa ta ji ƙarfin kamunta. Rabi'atu ta ce, "Inna, lafiyarta ƙalau, ko?" Atika ta ce, "Tana da kyau." Ba ta ƙara ba. Aka sa mata Ummuhani.

Hajja Nagoggo ta rasu yarinyar na shekara uku. Tsakaninta da Atika gaisuwa ce kawai har ƙarshe, amma Atika na cikin waɗanda suka wanke ta, kuma an ce ita ta bar wasiyyar haka.

Yanzu Ummuhani shekararta bakwai, tana aji biyu. Ita ce mafi ƙanƙantar jiki a ajinsu. Bakinta ba ya rufuwa, ba ta iya zama wuri ɗaya, karatu tana ja, lissafi yana ba ta wuya. Kassim ya ce shi ma haka yake yana yaro, har yau in ba da yatsu ba ba ya haɗa bakwai da takwas. Atika ba ta gardama da shi. Ta daina zuwa Fashaga, gwiwa ta hana, tana sayar da ƙosai a ƙofar gida, kuma idonta na kan yarinyar.

Kwanan baya ina wurinta ta aiki Ummuhani kanti. Gishiri, albasa, ashana. Ta faɗa sau ɗaya, ba ta maimaita ba, da gangan. Yarinya ta ruga. Atika ta ci gaba da juya ƙosai, amma na ga ta bar kasko guda ya ƙone.

Ummuhani ta dawo tana tsalle, ta zube gishiri da albasa a tabarma.

"Abu nawa na ce?" in ji Atika.

"Uku."

"Nawa kika kawo?"

"Biyu."

Atika ta ajiye matsamin. Muryarta ta yi ƙasa. "Kin manta na ukun?"

"Ashana? Ban manta ba, Inna. Mai kanti ya ce ta ƙare, wai ki aika wajen Husaini. Ni kuma ba na zuwa wajen Husaini, karensa ya bi ni rannan."

Atika ta tsamo ƙosai biyu masu zafi ta sa mata a hannu.

"Je ki ci. Safiya, ara mini ashana."